Ranar da Tauraron Tamarza Ya Faɗi

Tun da aka kafa dokar taurari, kowace ƙasa mai zumunci da Jamhuriya tana da tauraronta a jikin tuta. In gwamnati ta ɓata da wata, sai kowane gida ya cire nata, kuma daga ranar babu gaisuwa tsakanin ɗan ƙasa da mutanen can.

Da safe rediyo ya ce tauraron Tamarza ya faɗi. Kafin hantsi, layi ya kai bakin titi a shagon Tanimu tela. Shi dai ya karɓi tuta, ya sa reza ya warware zare, ya jefa tauraro a kwando.

Inna Kande mai ƙosai ta miƙo tata. "Bi a hankali, yadin ya sha cire-cire. Wai me suka yi mana?"

"Ba a faɗa ba, Inna."

Ta yi ƙasa da murya. "To, Lantana fa? Ba daga can ka auro ta ba?"

"Doka ba ta raba aure ba," in ji shi. "Gaisuwa kawai ta hana."

Da la'asar ya koma gida. Tutar ƙofarsu an riga an cire mata tauraron tsaf, aikin hannun Lantana. Ya manta, ya yi sallama kamar kullum.

Tana tsakar gida tana tankaɗe. Leɓenta ya motsa, sai ta dubi 'yar na'urar hukuma da ke saurare a saman ƙofa, ta sunkuyar da kai.

Tanimu ya daɗe tsaye a zaure. Bai taɓa shiga gida ba tare da an amsa masa sallama ba.