Zaɓin Barau

Shayi ya tafasa har ya zube a kan gawayi, ba wanda ya kula. A ƙofar shagon Abdulwahab, mutumin Damagaram mai sayar da atamfa, masu son dambe na Diffa sun kasu biyu tun da aka idar da la'asar. Barau ya faɗi wanda zai kara da shi ranar Lahadi, sunan kuwa bai yi wa kowa daɗi ba.

Barau shi ne zakaran masu nauyi a duk jihar. Ya shigo gari ne cikin ayarin 'yan gudun hijira, shekarar da aka watse daga ƙauyukan bakin Komadugu, ya fara da dakon buhunan tattasai, daga baya ya naɗe hannu ya shiga fage. Tun ranar bai taɓa kai gwiwa ƙasa ba. Ba ya yawan magana, ba ya yarda a ɗauki hotonsa, wai asirin da ke damtsensa zai karye. In an tambaye shi ƙauyensu sai ya ce ba sauran ƙauye.

Manyan 'yan dambe biyu ke jiransa, ɗaya daga Maine, ɗaya daga tsallaken iyaka. Ya tsallake su duka, ya aika makaɗinsa wajen wani Kalli, masunci daga wajen Gueskérou, wanda bai daɗe da zuwa gari ba, yana ƙyafa kifi a bayan tasha.

"Tsoro ne," in ji Abdulwahab. "Ya ga ƙarfinsa ya fara ja baya, ya nemi mai sauƙi."

Buba, wani dillalin shanu da bai taɓa fashin wasan Barau ba, ya ce tausayi ne. Dukansu mutanen kogi ne, dukansu sun rasa kowa. Kalli ya yi suna a damben ƙauye kafin abin ya faru, kuma tsayawa gaban zakara, ko da an faɗi, yana ɗaga mutum.

Baba Ari, tsohon da ke alkalanci a fage, ya matso kusa. Kafin ya yi magana, sai da ya duba hagu da dama.

"Kun ji labarin da Kalli yake bayarwa a tasha?"

Kowa ya ji. Mutanen daji, 'yan bindiga, sun shiga ƙauyen su Kalli da hantsi, suka jera maza a bakin ruwa. Kalli ya faɗa cikin ciyawar kogi, ya kwanta hanci kaɗai a waje. Ya ce ya ga fuskar wanda ya ba da umarni sarai, kuma ko a cikin taron Idi ya gan shi zai nuna shi.

"To, yaya aka yi shi kaɗai ya tsira?" Baba Ari ya tambaya. "Akwai masu cewa shi ya nuna musu hanya. Wataƙila Barau ya san abin da ba mu sani ba."

Kafin magariba zancen ya kai kasuwar kifi, washegari ya gama gari: zakara zai rama wa mutanen kogi. Mata suka daina sayen bandar Kalli. Shi da ya yi niyyar ƙin karawar, sai ya ga in ya ƙi ya gaskata su. Ya aika cewa ya amsa. Ya nemi su gaisa da Barau kafin ranar, kamar yadda aka saba, aka ce masa zakara ya shiga ɗaki, ba ya ganin kowa. A makon nan ko hanyar tasha Barau bai bi ba.

Ranar Lahadi filin kokawa ya cika har kan katanga. Jandarmomi suna lalube mutane a ƙofa. Kalli ya fara shiga, dogo, siriri, ana yi masa ihu. Bai ɗaga kai ba, yana gyara zaren hannunsa.

Barau ya fito lulluɓe da mayafi, makaɗa biye da shi. Ya umarce su kada su sassauta kiɗa ko an fara. Sai da Baba Ari ya ɗaga hannu ya ja da baya sannan Barau ya yar da mayafin.

Kalli ya ɗago. Hannun da ya miƙa don kariya ya sauka a hankali. Ya ja taku ɗaya baya, ya juya wajen jandarmomi, ya buɗe baki. Kalangu ya haɗiye abin da ya faɗa.

Naushin ya same shi a gefen wuya, inda ba a saba kaiwa ba, da dukan nauyin Barau a bayansa. Fili ya ɗauka, "Kisa! Kisa!" kamar yadda ake yi duk sanda aka kai ɗan dambe ƙasa. Sai da murna ta lafa aka lura Kalli bai motsa ba. Bai kai asibiti da rai ba.

A ƙofar shagon Abdulwahab musu ya koma wani. Wasu suka ce tsautsayi ne, wasu suka ce alhaki ne ya kama shi. Buba ya ce ko ma mene ne, a dubi halin Barau: shi ya kawo likkafani, shi ya kama makara, shi ya shiga kabari ya karɓi gawar.

Barau bai bar maƙabarta ba sai da aka gama zuba ƙasa, ya sa tafin hannu ya daddanna ta da kyau. Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ya san shi ne ya jera mazan nan a bakin Komadugu, kuma ga shi ya rufe shi.