Gwangwanin Sukkar

Bawa ya juya gwangwani na bakwai yana karanta gindinsa kamar mai duba takardar gado. Abduljalil mai shago, Bahaushen Sudan da ya tsufa a unguwar Sa'alaba ta Jidda, ya gaji da kallonsa, ya koya masa abin da ya sani: a duba kwanan wata, a guji wanda ya kumbura ko ya lotsa, a tabbata nama ne farkon abin da aka lissafa a jiki, ba garin masara ba. Tsada kuwa, in ji shi, rabinta kuɗin hoton kyanwar da ke jikin gwangwanin ne.

Watan Bawa uku da fara tuƙi a gidan Abdulelah, kuma iƙamarsa, wato takardar izinin zama, na ƙarewa ƙarshen wata. Abdulelah, kafilin da ya tsaya masa, ya ce sabuntawa sai abin da uwargida ta gani. Ita kuwa Madam Mashael, ranar da za su tafi hutun mako uku Abha har da 'yar aiki, amana ɗaya ta bar masa. Ta nuna masa kwano a bakin ƙofar kicin ta baya, da 'yar kafar da aka yi a ƙasan ƙofar don kyanwarta ta riƙa shige da fice, da katan guda na abinci ɗan waje.

"Sukkar ɗiyata ce, ya Bawa. In ta rame, halas, taka ta ƙare."

Direba ba ya wuce tsakar gida, don haka Bawa bai taɓa ganin Sukkar ba. Bai kuwa tambaya ba, kada a ce sabon direba bai san komai ba. Da ma ba a buƙatar tambaya. Washegari yana buɗe gwangwani sai ga ta, fara sol, gashi luf-luf, tana tafiya kamar ita ta gina gidan. Kowa ya gan ta ya san 'yar masu hali ce.

Matsalar ita ce ci. Katan ɗin da aka ce zai kai mako uku, kwana takwas ta gama da shi. Bawa ya tsorata ƙwarai. In ya kira Madam, za a ce sayarwa ya yi. Da ya ji farashin irinsa kuwa, sai ya ga ya fi ƙarfinsa. Abin da ya kai shi shagon Abduljalil ke nan da albashinsa a aljihu.

Ya gwada mai kaza, ta sunsuna ta ɗaga kai. Ya gwada mai hanta, ta ci ta amayar. Har Khumra ya je wajen masu sari cikin rana tsaka. A ƙarshe aka dace da wani mai kifi, mai araha, nama zalla, ba ƙarni. Shi kansa ya koma cin waken ful da burodi safe da yamma, amma bai damu ba.

Ga kuma magunan unguwa. Jidda ba ta rasa su, sai dai akwai wata da ta fi kowa naci, abar tausayi, ba gashi ko ɗaya a jikinta, fata duk tamoji, kunnuwa kamar na jemage. Bawa na ganinta ya san ƙazuwa ce ta cinye ta, kuma in ta shafa wa Sukkar, tasa ta ƙare. Ya kore ta da silifa, ta dawo. Ya watsa mata ruwa da tiyo, ta dawo. Ran da ya kama ta tana cusa kai cikin kafar kicin, ya toshe kafar da bulo, ya kwashe Sukkar ya kai ɗakinsa, ya bar mata gefen katifa da ya fi samun sanyin na'ura. Mai ƙazuwar ta koma ƙarƙashin tankin ruwa, tana kuka ba dare ba rana.

Ranar dawowa ya wanke mota, ya taje Sukkar, ya ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Ta yi ɓul-ɓul, da ƙyar hannu ɗaya ke ɗaukarta. Ya tsaya a tsakar gida rungume da ita, ransa fari ƙal, har yana shirya yadda zai ba Madam labarin gwangwanin da ya gano.

Madam Mashael ta sauko daga motar hayar da ta kawo su. Ta dubi Bawa, ta dubi abin da ke hannunsa, ta tambaye shi ko magen wa ya kwaso mata cikin gida. Kafin ya buɗe baki, wani siririn kuka ya fito daga ƙarƙashin tanki. Madam ta yar da jakarta, ta durƙusa da abayarta a cikin taɓo, ta jawo ƙashi da fatar nan marar gashi ta manna a ƙirjinta. Ashe irin magen nan ce ta masu kuɗi da ake haifa ba gashi.

"Sukkar, habibti, wa ya yi miki haka?"