Farantin Auta

Farantin ya dawo fes kamar kullum, har romon hantar an suɗe. Yaya ta juya shi a hannunta, ta kalli Auta da ke zaune bakin ƙofa, ƙasusuwan wuyansa duk a waje. Ikon Allah! Mutum ya ci ƙwai biyu da hanta da kifi kullum, amma wando na zame masa?

Shekara takwas ke nan ƙanen nata yana fama da ciwon ƙwaƙwalwar nan da likita ke kira sikizofiriniya. Muryoyin da yake ji sun lafa, allurar wata-wata ta yi aikinta. Sai kuma mantuwa ta sako kai. Ya ajiye takalmi ya hau nema, ya tambayi abu guda sau biyar kafin rana ta take. Da aka auna jininsa, likita ta ce bitamin B12 ya yi ƙasa sosai, jinin ma bai isa ba, kuma hakan na iya ƙara masa mantuwar. Ta rubuta ƙwayoyi, ta lissafa abin da za a riƙa ba shi.

Yaya ta ɗaura ɗamara. Tun da hantsi takan sauka daga kan keken ɗinki ta dafa, ta aje ƙwaya biyu a gefen faranti, ta miƙa masa. Tun farkon ciwon Auta ba ya son a zuba masa ido yana ci, don haka yakan ɗauka ya bi lungun baya, wajen ɗakin Inna, mahaifiyarsu. Yaya ba ta bin wannan lungun. Takan koma kan kekenta, tana korar kyanwar maƙwabta da ta yi ɓul-ɓul kwanan nan.

Bayan wata uku aka sake awo. Likita ta dubi takardar, ta dubi Yaya.

"Babu abin da ya motsa. In wata mai zuwa haka ne, dole mu kwantar da shi."

Yaya ta tuna kwanciyarsa ta baya a asibiti. Ranar da aka sallamo shi wancan karon, Inna ta damƙe hannunta ta ce, "Amana na ba ki, kar ki bari a sake kulle min Auta." Ta amsa da to. Wannan to ɗin take ta dafa wa hanta.

Washegari ta miƙa masa farantin, ta bari ya sha kwana, sannan ta cire takalmi ta bi shi a sace.

Ƙofar ɗakin Inna a buɗe take kaɗan. Auta ya durƙusa gaban gado, ya aje farantin a kan kujera.

"Inna, tashi ki ci," ya ce a hankali. "Ni da sauran ƙarfina. Ke ce kike jin jiki."

Ya ɗauki ƙwayoyin biyu ya jefa cikin kofin Inna. Kofin ya kusa cika. Ya buɗe taga don ta sha iska, ya juyo, sai suka yi ido huɗu da Yaya.

"Kar ki yi faɗa, Yaya," ya ce, yana murmushin nan nasa na ƙuruciya. "Kullum cinyewa take yi tas. Ta kusa samun sauƙi."

A bayansa kyanwar maƙwabta ta diro ta taga, ta nufi farantin.

Yaya ta fasa faɗan da ta kwana tana shiryawa. Ta jingina da bango, hawaye na zuba, tausayinsa da na kanta suka taru suka danne ta. Sau huɗu tana faɗa masa, sau huɗu yana kuka kamar ranar ya fara ji, har ta rantse ba za ta ƙara ba. Yanzu kuma, in tana son ya ci ya tsira, sai ta zaunar da shi ta faɗa masa a karo na biyar cewa wata bakwai ke nan da shi da hannunsa ya sa Inna a kabari.