Gobarar da Ba a Yi Wa Ihu

Tun da aka kafa dokar yanke wuta har abada a duk layin da gobarar lantarki ta tashi, mutanen Tudun Wada suka daina ihun gobara.

Da hantsi Sahura ta ga soket ɗin ɗakinta yana hayaƙi, wanda ta haɗa wa firji da hita da dutsen guga. Kafin ta kashe wutar gidan, labule ya kama. Ta shiga gidan maƙwabciyarta sumui-sumui, kamar mai aron gishiri.

"Iya Tabawa, ki taimake ni da yashi. Ɗakina ne."

"Yi a hankali, 'yar nan! Na'urar numfashin Malam, maigidana, da wutar nan take aiki. In aka yanke, kashina ya bushe."

Mata suka yi ta jidar yashi, babu mai cewa uffan. Wani ya ƙure rediyo don kada a ji rufi yana zubewa.

Sai ga jami'in hukumar lantarki a kan babur. "Hayaƙin mene ne wannan?"

Sahura ta dubi ɗakin da wuta ta cinye da duk abin da ta mallaka.

"Shara muke ƙonawa, ranka ya daɗe."