Tayoyin Shugaban Ƙungiya

Malam Tanimu, na ji an sa ka cikin masu binciken wanda ya ƙona injin ban-ruwan unguwarku. Kafin ka sa hannu a takardar korar kowa, saurari wannan.

A wani ƙauye da ke bayan kogi, manoman fadama suka haɗa ƙarfi suka sayi tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, don ta riƙa fitar musu da tumatir zuwa kasuwa. Hanya ɗaya ce: a sauka cikin rairayin kogi, a ratsa shi, a hau gaɓar marmara a wancan ƙetare. Suka ba wani direba makulli, mutum mai shekara ashirin a kan sitiyari wanda bai taɓa take ko kaza ba. Shugaban ƙungiyar kuwa irin mutanen nan ne da ke auna darajar abu da yawan idon da ya juyo ya kalle shi. Ya ga wata mota a birni da tayoyi manya kamar gammon ƙattai, ya dawo ya ce sai irinsu. Shawarar ba ta da laifi, babbar taya tana taimako a yashi. Amma tsohon bakaniken da aka kai wa aikin ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Babbar taya doguwar ƙafa ce, takunta ya fi nisa, ɗaga ta ya fi wuya. A cikin tukunyar aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyi biyu yana juya su, akwai haƙoran ƙarfe biyu, ƙarami yana juya babba. A yadda motar ta zo, ƙaramin kan juya sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. Da sababbin tayoyin sai an sa haƙoran da za su juya kusan sau biyar, in ba haka ba injin zai riƙa nishi tun kafin a ɗora kwando. "Kuma gaba da baya za a canja, Alhaji, iri ɗaya," in ji bakaniken. "Shanun huɗa ne a karkiya ɗaya. In taku ya bambanta, ba gonar za su ja ba, junansu za su ja." Shugaba ya yi dariya ya ce ai baya ke ɗaukar kaya, gaba me ta sani ban da nuna hanya? Ya sa aka ɗaura manyan tayoyin duka huɗu, amma haƙoran baya kaɗai aka canja. Abin da ya rage na kuɗin aikin ya tafi a fenti, da ƙaho mai waƙa, da sunansa da aka rubuta a ƙofa da manyan baƙaƙe. Direban yana tsaye, ya ji komai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, maganar tsohon nan gaskiya ce." Aka ce masa shi aikinsa tuƙi.

Ranar da motar ta shigo ƙauye, makaɗa sun fito, an yi wa shugaba kirari, an ɗauke shi hoto ya dafa taya. Kwana uku bayan haka aka yi lodin farko, kwando arba'in na mutum goma sha ɗaya, ciki har da na wata gwauruwa da ta yi wata uku tana jan ruwa da guga. Ba a ratsa rairayi da ƙafa biyu, don haka direba ya sa giyar da ke haɗa huɗun, tunda ba shi da zaɓi. A cikin yashi rigimar ba ta fito ba, domin yashi mai haƙuri ne: tayar da ta yi sauri sai ta ɗan zame, ya rufa mata asiri. Marmara ba ta rufa wa kowa asiri. Da tayoyi huɗun suka kama dutse a tsakiyar hawa, inda tsayawa a cire giya daidai yake da gangarowa da baya, na gaba suka nemi gudu, na baya suka ƙi. Ƙarfen da ke raba musu ƙarfi a tsakiya ya yi ƙara sau ɗaya, kamar an fasa tulu, mai ya tsiyaye a kan dutse. Babu wata mota da ke iya shiga wurin. Kafin a gama kwasar kaya da jakuna, tumatir ya kwana biyu a rana, ruwansa na ɗiga ta ƙasan kwanduna, ƙudaje sun yi masa rumfa.

Aka kira taro. Ba a kira bakaniken ba, wai garinsu da nisa. Shugaba ya miƙe da babbar riga ya ce shi ya yi iya ƙoƙarinsa, kowa ya ga tayoyin da idonsa, amma wasu hannunsu ba ya riƙe amana. Da gaske kowa ya ga tayoyin. Haƙoran kuwa suna cikin tukunyar ƙarfe, ba wanda ya taɓa ganinsu. Direban ya buɗe baki ya ce, "Ai a gabana aka gaya masa," sai wani dattijo ya katse shi: "Kai, ba a mayar wa manya magana." Aka karɓe makullin a gaban 'ya'yansa. Har yau a tasha ana ce masa mai karya mota, kuma ba wanda ke ba shi ko ta ɗibar yashi. Gwauruwar da ta yi asara ta daina amsa gaisuwarsa. Shugaba kuwa, da shekara ta zagayo, aka sake zaɓensa ba hamayya, saboda shi ne ya kawo wa ƙauye mota mai manyan tayoyi.

Don haka, Malam Tanimu, kada ka tsaya a kan wanda hannunsa ke kan injin lokacin da ya ƙone. Ka nemi bakaniken, ko da garinsu da nisa, ka tambaye shi abin da ya faɗa da wanda ya faɗa wa. In ba ka yi ba, kai ma ka shiga sahun masu tafi a wasan da Hausawa suka daɗe da sanin ƙarshensa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.