Ƙusa ta Biyu a Banɗaki

"Ba a ɗaukarsa daga jikin wani," in ji likita. "Ko kaɗan."

Matar ta juya ta dubi mijinta. Shi kuwa ya kafa wa takalminsa ido.

Likita ta ci gaba a hankali. Jan tabon da ke matsematsinsa ba ƙaiƙayi ba ne, ba kuma ciwon sanyi ba. Sankarar fata ce da ba kasafai ake ganinta ba, kuma iri biyu ce: akwai wadda take tsira a fatar, akwai wadda take tasowa daga ciki ta leƙo waje. Tasa ta biyun ce, ta kuma yi nisa.

Shekara biyu ke nan da ya kwashe shimfiɗarsa ya koma falo. Ya hana matar wanke masa kaya, ya kafa wa tawul ɗinsa ƙusa daban a banɗaki. Ta yi kuka, ta yi kwalliya, ta binciki wayarsa, har ta haƙura ta ce ta fita daga ransa ne.

A mota ta ce, "Baban yara, ashe abin da ya raba mu ke nan?"

"Na ɗauka zan shafa miki ne," ya ce. "Kunya kuma ta ɗaure mini baki."

Suna isa gida ta wuce banɗaki, ta rataye tawul ɗinsa a kan nata. Sannan ta kama ƙusar tana ja har yatsunta suka yi jini, amma ko motsi ƙusar ba ta yi ba. Ya kafa ta da kyau, kamar duk abin da yake yi dominta.