Fitilar Mai Haƙar Rijiya

"Sakacin tsohon ne," in ji jami'in bincike, yana rubutu a kan motarsa. "Wa ke kai wuta wurin gaz?"

Ɗiyar mamacin ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Ga ramin nan gabanta, baƙi ƙirin, inda wani ɗan kasuwa ya jibge tukwanen gaz ɗari biyu a ƙarƙashin ƙasa, wai kada zafin Dakoro ya taɓa su. Babu kafar iska, babu allon gargaɗi. Sau uku jami'in nan yana zuwa dubawa, sau uku yana buga hatimi daga cikin mota, gilashi a rufe.

Da wari ya ishi unguwa, ubanta aka kira. Shekara arba'in ya yi yana haƙar rijiyoyi daga nan har Tagriss, kuma bai taɓa barin kowa ya shiga rami ba sai ya zura fitila da igiya. In ta mutu, iskar muguwa ce. Babu wanda ya gaya masa akwai iskar da ba ta kashe wuta, sai dai ta kama. Ya ce kowa ya ja baya, sannan ya kunna, ya zura. Ramin ya fashe da shi.

"Sa hannu nan, malama," in ji jami'in, yana miƙo mata takarda.

Ta manna masa takardar a ƙirji.

"Rubuta gaskiya, malam. Tun da aka haƙa ramin nan, mutum ɗaya ne ya taɓa duba shi. Shi muka binne ɗazu."